DARASI: Abin Da Tukunya Ta Nema, Shi Gona Ke Shukawa

Darasinmu na wannan wata a kan abinci ne. Kullum da safe maigida ya kan ba da kuɗin cefane, uwargida kuma ta zaɓi abin da za ta ɗora a murhu. Mu kan ɗauka wannan ƙaramin abu ne, amma babba ne. Abin da ya shiga tukunya shi ne zai zama jinin 'ya'yanmu da ƙashinsu. Abin da tukwane da yawa su ka nema, shi 'yan kasuwa za su kawo, abin da kasuwa ta saya kuwa shi manomi zai shuka. Ta haka hannun mai cefane ya kan kai har cikin gona, ko da bai taɓa riƙe fartanya ba. Bari mu duba yadda wannan ya ke, bi da bi.

1. Jiki yana bukatar abinci iri uku

Na fari, abinci mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, acca, shinkafa, doya, rogo da mai. Na biyu, abinci mai gina jiki: wake, gyaɗa, gujiya, waken soya, nono, ƙwai, kifi da nama. Abin da ke gina jiki a cikinsu likitoci suna ce da shi furotin. Na uku, abinci mai tsare jiki daga cuta: ganyaye da 'ya'yan itatuwa, irin su zogale, kuka, rama, alayyafo, kabewa, gwanda, mangwaro da lemo.

Mutum yana iya cika ciki da iri na fari kaɗai, ya ce ya ƙoshi, alhali jikinsa yana jin yunwa. A shekara ta 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta ke aiki a ƙasar da yanzu a ke kira Gana, ta rubuta labarin wata cuta da ta ke gani ga yara. Yaran nan an yaye su, ana ba su kunun masara zalla. Sai ƙafafunsu su kumbura, gashinsu ya yi ja ya yi laushi, fatarsu ta riƙa saɓulewa, da yawa kuwa su mutu. Mutanen wurin suna kiran cutar kwashiyoko, watau cutar da yaro ke kamuwa da ita idan an yi masa ƙane. Sunan ke nan da likitocin duniya su ke kiranta da shi har yau. Mu ma mun san yaran nan a garuruwanmu, muna cewa tamowa ce ta kama su. Ba hatsi ne ya ƙare a gidajensu ba, kunun ne ba a haɗa shi da kome ba.

Kakanninmu ba su san sunan furotin ba, amma ku dubi yadda su ka haɗa abinci. Fura da nono, watau gero da madara. Tuwo da miyar kuka mai daddawa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Koko da ƙosai. Ko wanne cikinsu iri biyu ne ko uku a ƙwarya ɗaya.

2. Wake: naman talaka, takin gona

A duniya duka babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman wake, Nijar ce ta ke bi mata. Idan aka kasa busasshen wake kashi huɗu, kusan kashi ɗaya furotin ne. Gero da dawa suna da kamar kashi ɗaya cikin goma. Farar shinkafa ba ta kai haka ba, garin rogo kuwa kusan babu. Har wa yau, irin furotin da hatsi ya gaza a kansa, wake yana da shi, wanda wake ya gaza kuma hatsi yana da shi. Sabo da haka wake da hatsi a akushi ɗaya sun fi ko wannensu shi kaɗai.

Wake yana da wani aiki kuma a ƙarƙashin ƙasa. Idan ka tumɓuke shi da damina ka duba saiwarsa, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar dawa. Cikinsu akwai waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Aikinsu su ɗebo wani abincin shuka daga cikin iska, sunansa naitirojin, su ba waken. Shi ne abin nan da mu ke saye da tsada a buhun takin yuriya. Gyaɗa da gujiya da waken soya duk suna yin haka. Dalili ke nan manomanmu tun dā su ke shuka wake a tsakanin gero da dawa. Ganyensa ya kan rufe ƙasa ta riƙe laima, harawarsa ta ciyar da tumaki da awaki da rani, kashin dabbobin kuma ya koma gona.

Ku lura da kyau. Gidan da ya ke cin wake sau uku ko huɗu a mako, ya gyara jinin yaransa, ya kuma ba manomi dalilin shuka abin da zai gyara gonarsa.

Amma akwai gargaɗi. Ƙwari suna son wake kamar yadda mu ke sonsa, don haka waɗansu masu ajiya su kan zuba masa fiya-fiya da makamantansa, sa'an nan su kai kasuwa. Wannan dafi ne. A shekara ta 2015 ƙasashen Tarayyar Turai su ka hana shigar da busasshen waken Nijeriya sabo da yawan maganin ƙwari da su ka samu a ciki. Abin da baƙo ya ƙi, bai kamata mu ba 'ya'yanmu ba. Akwai hanyar ajiya da ba ta bukatar magani: a shanya wake ya bushe sarai, a zuba shi cikin buhu mai ninki uku, ko jarka, ko duro, a toshe bakin yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwarin za su mutu don rashin numfashi. Mai saye kuma ya shinshina, idan ya ji warin magani ya bar shi.

3. Gero da dawa, shinkafa da alkama

A birane da yawa yanzu yara sun fi son farar shinkafa, burodi da taliya, har waɗansu suna ganin tuwon dawa abincin ƙauye ne. Ba mu ce shinkafa da burodi mugun abinci ne ba. Amma ya kamata mu san abin da mu ke musanyawa.

Wajen shekara ta 1890 wani likita mutumin Holan, sunansa Eijkman, yana aiki a tsibirin Jaba, cikin ƙasar Indonesiya ta yau. A can mutane da yawa suna fama da wata cuta mai raunana ƙafafu da zuciya, ana ce da ita beriberi. Ya lura kajin da a ke ba farar shinkafa sun kamu da irin cutar, da aka koma ba su shinkafa mai dusarta sai su ka warke. Daga baya aka gane akwai wani abu cikin dusar da jiki ba ya rayuwa sai da shi, shi ne wani irin bitamin. Aka ba Eijkman kyautar Nobel a 1929 sabo da wannan.

Darasin ya shafe mu. Yawancin amfanin ƙwayar hatsi yana cikin fatarta. Idan aka surfa hatsi har ya yi fari fat, an ba akuya amfanin, an bar wa yaro saura. Shinkafar da aka turara kafin a cashe ta, ta fi riƙe bitamin ɗinta. Gero ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe, wanda ke ƙara jini, abin da mata masu ciki su ke bukata ƙwarai. Hatsi mai dusarsa kuma yana daɗewa a ciki, ba ya tura sukari cikin jini farat ɗaya kamar farin burodi.

Yanzu mu duba wajen ƙasa. Gero ya kan nuna cikin wata uku, a jigawa, da ruwan sama kaɗan, inda masara ba za ta yi ba. Shinkafa kuwa, masanan aikinta sun ƙiyasta ana bukatar ruwa kimanin lita 2,500 kafin a sami kilo ɗaya. Alkama ba ta yi a wurinmu sai da ban ruwa lokacin hunturu, don haka yawancin wadda mu ke ci daga ƙetare a ke kawo ta. Sa'ad da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, kuɗin alkama ya tashi a duniya, mai shayi a bakin tasha ma ya ji a jikinsa.

Ruwan ban ruwa kuma daga wani wuri a ke ɗebo shi. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun kawo noman rani a Kadawa da kewaye, mutane da yawa sun ci abinci ta wurinsu. Amma ambaliyar da ta saba sauka ko wace shekara a dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu ƙwarai. Masunta, makiyaya da manoman fadama na can su ne su ka ɗauki hasarar, kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Ashe farantin shinkafa a birni yana da dangantaka da komar masunci a Nguru.

Duniya ma ta fara komawa ga abin da mu ke rainawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa 2016 suna shekarar wake da danginsa, 2023 kuma shekarar gero da danginsa, har da dawa da acca.

4. Miya ce ta ke tsare itace

Manomi ba ya barin itace a tsakiyar gonarsa sai yana da amfani a gare shi. Don me kakanninmu su ka bar ɗorawa, kuka, kaɗanya da tsamiya sa'ad da su ke sassabe? Domin tukunya tana nemansu. Ɗorawa ta ba da kalwa a yi daddawa, kuka ta ba da miya, kaɗanya ta ba da man kaɗe, tsamiya ta ba da kunu. Mata su ka sami sana'a a jikinsu, ba mai yarda a sa masu gatari.

Daddawa ba ɗanɗano kaɗai ba ce, kusan kashi ɗaya cikin uku nata furotin ne. Dunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne. Idan gidaje su ka bar daddawa, kuɗin kalwa ya faɗi, ran nan sai mai gawayi ya zo ya yi tayin ɗorawar, mai gona kuwa ya sallama. Itacen da ya yi shekara hamsin yana ba da inuwa da miya, sai ya zama buhun gawayi kaɗan. Bayan haka iska ta kwashe ƙasar sama, ruwa ya yi zaizaya.

Abin da ya faru a jihar Maraɗi ya isa misali. Bayan farin shekarun 1970, gonaki da yawa a can sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. A 1983 wani ma'aikacin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura kututturan da a ke sassabewa ko wace shekara suna da rai, saiwoyinsu suna nan a ƙasa. Sai ya shiga shawartar manoma su bar tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi a ko wane kututture, su riƙa yi masu aski. Da fari an yi masa dariya. Amma waɗanda su ka gwada sun sami itacen girki, abincin dabbobi da ganyen miya, hatsinsu kuma ya ƙaru. Maƙwabta su ka gani su ka bi. An ƙiyasta itatuwa kimanin miliyan 200 su ka tashi ta haka a Nijar, a kan kadada wajen miliyan 5. Cikinsu har da gawo, wanda ya ke zubar da ganyensa da damina, ya bar wa gero rana, ya kuma ba shi taki.

Ganyayen nan magani ne kuma. Zogale, alayyafo, kabewa, mangwaro da manja suna da abin da ke hana dundumi ga yara. Garin 'ya'yan kuka ya fi lemo yawan bitamin mai warkar da dasashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci ganyaye da 'ya'yan itatuwa giram 400 a yini, watau kamar cikin tafin hannu sau biyar.

5. Gishiri, sukari da leda

Hawan jini da ciwon sukari dā ana ce da su ciwon masu kuɗi. Yanzu sun shiga gidan malamin makaranta da na mai sayar da itace. Suna zuwa a ɓoye, sai ran da mutum ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, ko idonsa ya dushe, ko ƙodarsa ta lalace. Gado yana da hannu a ciki, rashin motsa jiki ma haka, amma abinci yana da babban rabo.

Hukumar nan ta lafiya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Wannan ya haɗa da na cikin magi, burodi, taliyar yara da yajin tsire. Gishirin kuwa ya zama mai aidin, gama shi ke hana maƙoƙo. Sukari kuma kada ya wuce kamar cokalin shayi 12 a yini, ƙasa da haka ya fi. Ƙaramar kwalbar lemon kwalba ɗaya tana da wajen cokali 9. Wanda ya sha biyu a wurin biki ya riga ya wuce iyaka, tun bai taɓa shayinsa ba. Zoɓo da kunun zaƙi ma idan aka cika masu sukari sun zama ɗaya da shi.

Kayan kanti kuma da rigarsu su ke zuwa. Leda da gorar roba ba sa ruɓewa kamar ganye. Su kan toshe magudanar ruwa, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa. Akuya ta kan ci leda ta rame, mahauta sun sha samun ta cunkushe cikin tumbi. Wanda ya tafi kasuwa da kwandonsa ko jakarsa ya rage wannan.

6. Batun nama

A 2013 Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafta cewa kiwon dabbobi yana kawo kashi 14 da rabi cikin ɗari na iskar da mutane ke fitarwa mai ƙara wa duniya zafi. A ƙasar Barazil, neman makiyayar shanu shi ne babban dalilin sare kurmin Amazon. Sabo da haka a ke ce wa mutanen Amurka da Turai su rage nama, gama suna ci fiye da bukatarsu.

Kada mu ɗauki maganin wani mu sha. A yawancin gidajenmu nama bai yi yawa ba, rabonsa ne ba daidai ba. Maigida ya ci tsire a waje da dare, a gida kuma a sa masa tsokar da ke cikin miya, yaro da mai ciki su tashi da romo. Waɗansu har suna hana yara ƙwai, wai za su yi sata. Wannan camfi ne, ba shi da tushe. Yaron da ke girma da macen da ke da ciki ko goyo sun fi kowa bukatar ƙwai, nono, kifi da hanta. Magidancin da ya yi teɓa, shi ne ya kamata ya rage kitse. Ƙona daji don farautar gafiya da zomo kuwa, hasararsa ta fi ribarsa nesa: wuta ta cinye ciyawar dabbobi, ta kashe ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara.

7. Abin da ko wane gida zai iya yi

Ba ma cewa a jefar da kome na zamani, ba kuma kowa ne ke da zaɓi kullum ba, gama tsadar abinci ta matsa wa mutane da yawa. Amma yawancin abin da ke biye ba ya bukatar ƙarin kuɗi.

(a) Jariri ya sha nonon uwa zalla wata 6. Bayan haka a ci gaba da ba shi nono, a haɗa masa kunu da gyaɗa ko waken soya, da ɗan mai da garin zogale.

(b) A sa wake, gyaɗa ko gujiya cikin abincin gida ko wace rana. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna a zubar, kada a ba kaji ma, gama tana da dafi mai lalata hanta.

(c) A jiƙa wake tun da dare, a rufe tukunya sa'ad da a ke dahuwa, a gyara murhu ya tare iska. Itace zai ragu, hayaƙin da ke cutar da ƙirjin uwargida da goyonta ma zai ragu.

(d) Kada a surfa hatsi fiye da kima. Kada a dafa ganye har ya mutu.

(e) A rage magi da rabi, a ƙara daddawa, albasa da citta. Baki ya kan saba cikin 'yan makonni.

(f) A dasa zogale da gwanda a inda ruwan wanke-wanke ke bi. Mai gona ya bar tsiron itatuwa masu amfani.

(g) A wurin biki da taro a dafa gwargwadon masu ci. Abincin da aka zubar, an zubar da gumin manomi da ruwa da itacen da aka dafa shi da su.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Kuɗin mudun wake bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba, tsiron ɗorawa kuwa kyauta ya ke fitowa, barinsa kawai a ke bukata.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Faɗi abinci iri uku da jiki ke bukata. Wanne ne ya fi ƙaranci a gidanku cikin makon jiya?

2. Ta yaya wake ya ke taimakon gona? A tumɓuko guda a kawo wurin taro kowa ya ga saiwarsa.

3. Waɗanne itatuwan abinci ne dattawan garinku su ka sani dā, waɗanda yanzu sun yi wuya? Me ya kawar da su?

4. A gidanku, wa a ke fara ba nama da ƙwai? Wa ya fi bukatarsu?

5. Wane abu ɗaya ne cikin sashe na 7 za ku fara yi kafin wata mai zuwa?